Hular da Na Aika daga Kwatano

Har yau samarin 'yan kasuwa sukan zo rumfata a kasuwar Dole, su gaishe ni, su ce za su sayo kaya daga ƙetare, ta wace tashar ruwa ya kamata su sauke, Kwatano ko Lome ko Ikko. Sun ji an ce na daɗe a harkar. Nakan ce su je su tambayi masu mota, ni na tsufa. Wasu su ce rowar sani ce, wasu su ce tsohon nan ya cika faɗa. Oho, su faɗa. Tambayar ce ba na ƙauna. Sau ɗaya na taɓa amsa ta da ƙarfin gwiwa, shekarar babban farin nan na biyu, wadda aka rufe iyakar Najeriya a cikinta, kuma tun daga lokacin ban sake jin daɗin ganin buhun shinkafa ba.

Mu biyu ne maza da suka rayu a cikin 'ya'yan Inna. Yayana ya tsaya a ƙauyenmu, can bayan Takieta kafin a kai Garagumsa, yana noman gero da gyaɗa a gonar da Baba ya bari. Ni kuwa ina ɗan shekara bakwai Kawu, wan Inna, ya kawo ni gidansa a Zango, cikin Damagaram, ya sa ni lakwal, makarantar boko. Kawu jikan madugai ne. Da raƙuma ya fara zuwa Kano, daga baya ya koma kamiyo, manyan motocin kaya, amma tunaninsa bai taɓa sauka daga kan raƙumi ba. Da na gama karatu na zama mai riƙe masa takardu, ni ke zuwa duwan wajen 'yan kwastan, ni ke magana da masu Faransanci. In yana son tsokanata sai ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, kuma kullum yana so. Ni ma lokacin, in faɗi gaskiya, kaina ya kumbura. Gani nake duk wanda bai iya duba taswira ba makaho ne.

Daminar shekarar ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Bayan lokacin da ya kamata a ce kaka ce, Yaya ya hau motar kasuwa ya zo birni. Ya zauna a zauren Kawu, aka kawo tuwo ya ƙi ci sai da aka matsa masa, ya yi loma uku ya ture kwanon. Ba mutum ne mai yawan magana ba. Ya ce rabin gari sun fara ɗaure kaya, wasu za su yi kudu, wasu za su zo birni inda ake jin ana rabon jar dawa. Ya ce abin da ya rage a rumbun tsimi, in aka haɗa da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci, da ganyen daji, zai kai su tsakiyar bazara, ba zai wuce ba. Jakuna kuma yanzu suna iya tafiya, amma nan da wata huɗu ba zai rantse ba. Ga Inna ba ta iya doguwar tafiya da ƙafa, ga ƙananan 'ya'yansa uku.

"Abu ɗaya na zo ji, Kawu," in ji shi. "Mu zauna ko mu tashi?"

Kawu ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce ya riga ya yi magana da wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, a Yamai, za a kawo masa kwantena biyu na tsakin shinkafa daga ƙetare, ɗaya ta kasuwa, ɗaya ta ƙanwarsa da mutanenta. Ya ce wa Yaya ya koma ya riƙe gida zuwa farkon bazara. In ya ga hula, ya zauna. In bai ga hula ba zuwa lokacin, kada ya jira kowa, ya ɗora Inna a kan jaki ya tashi.

Dole in yi bayanin hular, don yaran yanzu ba su san ta ba. A gidan su Kawu, tun zamanin ayari, wanda ya tafi ɗauko kaya yakan fita da hular da kowa a gida ya gani a kansa. In ya juyo ya sauka a zangon ƙarshe, sai ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana ɗora musu hannu, ya tabbatar suna nan. Sannan ya cire hular ya ba mai saurin ƙafa ya yi gaba da ita. Ba a haɗa ta da wasiƙa, ba a haɗa ta da saƙon baki. Ganinta kaɗai ya isa a san kaya sun tsira, saura kwana bakwai, kada a sayar da komai, kada kowa ya motsa. Inna ta sha ba mu labarin yadda tana yarinya suke rige-rigen karɓar hular babansu a ƙofar gida. Takan ce tun daga kakanta hular ba ta taɓa yin ƙarya ba. Ko da kamiyo ya zo Kano ta koma tafiyar yini, Kawu bai daina aiko tasa ba, ni kuwa ina yi masa dariya a ciki.

Takardar Kwaran ta iso, an cike komai sai layi ɗaya da aka bari fari, sunan tashar da jirgi zai sauke kaya. A kan layin nan ni da Kawu muka yi kwana uku muna ja-in-ja.

Shi Ikko yake so. Ya ce yana da fatoma a can, mai masaukin fatake, wanda ubansa ya sauki uban Kawu, yana da wani a Kano, daga Kano zuwa nan kuwa ai tofa yawu ne. Na ce Kawu, an rufe iyaka, ko ba ka jin rediyo? Ya yi dariya har sai da tari ya kama shi. Ya ce iyaka a takarda take, a daji ba wanda ya ɗaura igiya. A kai kayan Kano, a rarraba su ƙauyukan gefe, raƙuman Buzaye su tsallako da su buhu huɗu-huɗu ta wajen Magarya.

"Raƙumi bai ji rediyo ba, Mushe."

Raina ya ɓaci. Na ce wannan fasa-ƙwauri ne, in aka kama mun tashi a tutar babu. Na ce an canza kuɗi a can, komai a birkice yake. Duk gaskiya na faɗa, amma akwai wadda na ɓoye. A Ikko takardu da Turancin Ingila suke, ni da Kawu duka jahilai ne a can, sai abin da fatoma ya ce. A Kwatano kuwa ni ne malami.

Lome ma an yi maganarta. Shi kansa Kwaran ya ce in da shi ne can zai sauke, babu cunkoso sosai. Na shimfiɗa taswira a tabarma, na ɗauki zare na auna hanyar, ta ƙasar Mosi, ta Yamai, sannan a miƙo gabas. Zaren ya yi tsawo, na yar da ita nan take. Na sake auna ta Kwatano na nuna wa Kawu. Kuɗinmu ɗaya da mutanen can, harshen biro, wato ofis, shi ma ɗaya. Jirgin ƙasa ya ɗauko kaya zuwa Faraku, daga nan kamiyo ya bi Gaya, Doso, Konni, Maradi, Tasawa. Abin da ya fi burge ni, hanyar ta bakin ƙauyenmu take wucewa tun kafin ta kai Takieta, sai dai kawai a sauke wa Inna nata a ƙofar gida.

Kawu bai ko dubi zaren ba. Ya tambaye ni kayan taimakon nan da ake ta faɗa a rediyo, ta ina za su shigo ƙasar. Na ce yawanci ta Kwatano mana, wannan ma ya nuna ita ce hanyar kirki. Ya ce rijiyar da kowa ya sani ita ake wuni a bakinta da guga. Na ce masa hanyar lafiya a bi ta da shekara.

"Wanda ya ƙoshi ke da shekarar bayarwa," in ji shi.

A rana ta uku ya gaji. Idonsa ya riga ya yi rauni, ƙafarsa ba ta kai shi ko Kano. Ya ce alƙalami a hannuna yake, Allah ya sa mu ga alheri. Na rubuta Kwatano da kyakkyawan rubutun da ake yabona da shi a lakwal, har da ja masa layi a ƙasa.

Da sanyi ya fara ja baya na kama hanya. Motar da na shiga ta tsaya a bakin ƙauyenmu na sauka na gaida Inna. Garin ya riga ya yi shiru, ko'ina tukwanen anza ne a jiƙe ana zubar da ruwan ɗacin ana sake wani. Inna ta rame, amma bakinta na nan. Ta ce na yi ƙiba kamar ɗan sarki, ta ce matata na ɓata ni. Sannan ta dubi kaina. Farar hula ce mai aikin shuɗin zare, sabuwa. Ta ce in sunkuyo, ta shafa ta da yatsunta, ta tambaye ni ko ita ce. Na yi dariya na ce ita ce, Inna. Yaya na tsaye a gefe yana kallo.

Ban taɓa ganin teku ba sai a tafiyar nan. Ban ji daɗinsa ba. Mutumin da ya baro garin da ake tonon rijiya gaba ashirin a samu laka, a nuna masa ruwa iya ganin ido wanda ba a sha, ai zagi ne. Iskar garin ma jiƙe take, riga ba ta bushewa a jiki. Wanda ke yi mana takardun fito wani ɗan bakin teku ne mai ladabi, kullum da farar riga a goge. Ya ce jirginmu ya zo amma yana tsaye can cikin ruwa yana jiran wuri. Na ga jiragen da idona, sun yi layi. Bayan kwana goma sha wani abu ya ce an sauke, ya samo mini izinin shiga.

Kai, ban taɓa ganin kaya irin na ranar ba. Buhuna jibge kamar duwatsun unguwar Birni ta garinmu, an rufe wasu da tamfol, wasu a fili. Kwantenoni an ɗora wani kan wani. Muka yi ta yawo a rana da takarda a hannu har muka same su, jajaye biyu, a can ƙarshe kusa da katanga. Na karanta lambar sau uku, ta yi daidai. Na ɗora tafin hannuna a kan ta farko, ƙarfen ya ƙona ni, ban janye ba. Na ɗora a kan ta biyu. Na tambayi mutumin yaushe za a ɗora su a jirgin ƙasa, ya ce jibi, in Allah ya so.

Da na fito ƙofar tashar sai ga wani direba ɗan Damagaram da na sani, ya sauko karɓar wasu takardu, motarsa na Faraku an riga an loda mata kayan taimako, washegari zai koma. Ban yi shawara da kowa ba. Na cire hular na naɗe ta a ƙyalle, na ce in ya kai bakin ƙauyenmu ya tsaya ya ba Yaya hannu da hannu.

Na sha juya wannan a raina shekara da shekaru, ina neman inda zan tsaya in ce ba laifina ba ne. Na taɓa kayan da hannuna, wannan gaskiya ne. Bazara ta kusa, in ban aika ba za su tashi, wannan ma gaskiya ne. Amma Kwatano ba zangon ƙarshe ba ce, zangon farko ce, kuma na sani. Shi ya sa ban aika hular gidan Kawu ba, don shi zai tambayi direban ina kayan suke, a mota ko a ƙasa. Ƙauye na aika ta, inda ba mai tambaya. So nake a ce hanyar Mushe ta ci. So nake Inna ta karɓi hulata yadda take karɓar ta babanta. Al'adar da nake yi wa dariya, da na ga za ta ƙara mini girma, sai na ɗauke ta na yi ado da ita.

Jibi ta zo ta wuce. Dokar lokacin ita ce kayan ƙasarmu sai ta jirgin ƙasa za su bar bakin teku, jirgin kuwa layi ɗaya ne, wagunansa, wato taragu, ƙidayayyu. Kayan taimako ake fara ɗorawa. Ba na ganin laifin kowa a nan, waɗancan buhunan ma bakin mayunwata za su. Amma a lokacin ba haka na gani ba. Kullum da safe ina biron mutumin nan, kullum ya ce jibi. Ranar da kwana bakwai suka cika na buga masa tebur har alƙalumansa suka watse, na ce akwai gari guda da ke jiran kayan nan. Ya sunkuya ya tsince su ɗaya-ɗaya, ya ce in leƙa waje in ga masu zama a kan benci, kowannensu yana da gari.

Da wata ya cika na rubuta wa Kawu wasiƙa. Har yau ina iya karanta ta da ka. Na ce ina lafiya, kaya na nan lafiya, an samu ɗan jinkiri kaɗan saboda cunkoso, amma ana sa rai kwanan nan. Ɗan jinkiri kaɗan, ka ji fa. Kalma biyu ya kamata in rubuta, ku tashi. Na riƙe alƙalamin a kan takardar na daɗe, sai na tuna an ce jibi, na ce in na tashe su yau kaya suka taso gobe fa, wace kunya ke nan? Na liƙe wasiƙar na bayar.

Abin da ya faru a gida daga baya na ji shi, yawanci daga bakin Kawu. Ranar da hular ta isa, gidaje tara ne suka rage a ƙauyen, kuma duka sun ɗaure kaya, jakuna na nan da sauran ƙarfi. Inna ta karɓi hular ta yi guɗa, tsohuwar da ko tsayuwa ke yi mata wuya. Yaya ya bi gidajen nan tara ƙofa-ƙofa ya ce a kwance kaya, saura kwana bakwai. Suka kwance. Wasu ma suka ƙara yawan abin da suke dafawa, tunda abinci na tafe.

Da wasiƙata ta isa, Kawu ya gane abin da ke ciki tun kafin a gama karanta masa. Ya tattara ɗan abin da ya samu na jar dawa, don birnin ma a bushe yake, ya aika da shi tare da wasiƙar, ya ce a kawo masa ƙanwarsa. Aka karanta wa Yaya. Ya tambaya ko an rubuta a mayar da hula. Aka ce a'a. Ko an rubuta su tashi? Aka ce a'a, jinkiri kawai aka ce. Inna ta ce ba inda za ta, ɗanta ya ɗora hannu a kan kaya, ita ba za ta zama ta farko a gidansu da ta ƙaryata hula ba. Yaya kuwa ba zai ɗauki nasa iyalin ya bar mutanen da ya hana tafiya ba. Jar dawar aka raba gida tara, ba ta yi mako biyu ba. Kawu ya ce mini shi kansa ya kasa buɗe baki ya aika a ce musu hular gidansu ta yi ƙarya. Ba a taɓa yi ba, bai san da wane baki ake faɗa ba.

Sai da na yi wata biyu a bakin teku aka ɗora kayan. Na hau jirgin tare da su, ina ganin an gama. A Faraku aka buɗe kwantenonin aka jibge buhunan a wata mangaza, babban ɗakin ajiya, aka ce in nemi mota. Motoci kuwa duk an ɗauke su aikin taimako, wadda ta sauke ta dawo akwai masu jiranta tun kafin ta tsaya. Aka rubuta sunana a layi. A can na sake haɗuwa da direban da na ba hula, ya yi sawu na nawa ban sani ba. Shi ya faɗa mini wani maƙwabcin Kawu da ya bi ta Ikko da Kano tuni shinkafarsa ke kasuwar Dole. An kama masa wasu buhuna a kan iyaka, amma saura sun shigo a bayan raƙuma. Na ji kamar an mare ni. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce duk sawun da ya yi yakan ga mutane zaune a gindin gawon nan na bakin ƙauyenmu, suna fuskantar yamma. In mota ta taho sai su miƙe, in ta wuce su zauna. Ya ce da suna da yawa, yanzu sun ragu.

Ranar na ce masa ya tsaya ya gaya wa Yaya da bakinsa, ni na ce su tashi, kada su jira. Ya isar da saƙon, Allah ya saka masa. Amma lokacin ba sauran jaki ko ɗaya a garin, kuma ƙyanda ta riga ta shiga yara. Na yi tunanin in bar kayan in tafi da kaina. In na tafi layina ya faɗi, in isa da hannu biyu in ce musu me? Na zauna a ƙofar mangazar nan ina gadin buhuna, ina cin abincin da nake saya a bakin tasha. Tun daga lokacin, in na rufe ido ko da rana tsaka, mutanen gindin gawon nan nake gani suna miƙewa. Ban taɓa ganinsu da idona ba, amma na fi ganinsu a kan abubuwa da yawa da na gani.

Kwana bakwai na hula sai da suka zama wata uku da 'yan kwanaki. Mun iso da la'asar, an yi ruwan farko, ƙasa ta ɗan yi kore a gefen hanya. Tun daga nesa na hango gawon. Mutum ɗaya ne a gindinsa. Ya miƙe a hankali yana dafa itacen, sai da motar ta tsaya na gane Yaya ne. Rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro.

Ya yi mini sannu da hanya. Ya tambaye ni gajiya, ya tambaye ni ya na baro mutanen can, kamar wanda ya dawo daga cin kasuwar Takieta. Na ce ina Inna. Ya ce Inna ta cika, yau kwana ashirin da uku. Na ce yara fa. Ya ce babbar na nan, ƙananan biyu Allah ya karɓi abinsa, tsakaninsu kwana huɗu. Haka ya faɗa, a tsaye, yana kallon tayar mota. Na riƙe rigarsa na ce Yaya ka zage ni mana, ka mare ni, ka ce wani abu. Ya cire hannuna a hankali ya ce mu shiga da kaya, mai mota na sauri.

Motar ta bi yashi ta shiga gari. Ba yaron da ya biyo ta da gudu. Ba carar zakara, ba ƙarar turmi. Mutane suka fito daga ɗakuna suna dafa bango, suka tsaya suna kallo, ba wanda ya yi murna, ba wanda ya yi mini mugun kallo, kuma wannan ya fi mini ciwo. Maza masu iya ɗaga buhu ba su kai biyar ba. Ni da direba muka shiga cikinsu. Yaya ya wuce gaba yana nuna ƙofa, yana faɗin buhu nawa za a ajiye, mu muna binsa a baya da kaya a ka.

Mun yi gida biyar, sai ya tsaya a ƙofar wani gida da danninsa ya faɗi, yashi ya cika zauren. Na san gidan, na wani tsohon maƙeri ne da yake gyara wa Baba hauya. Yaya ya ce a ajiye uku a nan. Na ce ai ba kowa a ciki. Ya ce e, tsohon da matarsa suna maƙabarta, ɗansu ya ɗauki jikoki ya yi kudu da ƙafa bayan saƙona na ƙarshe, ba a sake jin labarinsu ba. Ya ce a ajiye uku. Aka ajiye. Muka wuce gida na gaba, shi ma haka, ƙofar ɗaki a buɗe, tukunyar anza a kife a tsakar gida. Ya ce nan huɗu, gidan da yawa ne.

A nan zuciyata ta tashi, irin tashin da ta saba. Na sauke buhun da ke kaina a ƙasa. Na ce wannan wane irin aiki ne, damina ta kama, ruwa zai jiƙa su, gara ta cinye. Na ce ga masu rai can ko tsayuwa ba sa iyawa, a ƙara musu mana. Na ce wata uku na yi ina gadin buhunan nan, ban kawo su don a zuba wa kufai ba. Ina ta faɗa, muryata na yawo a garin da ba kowa, mutanen da ke bayanmu sun sunkuyar da kai.

Yaya ya bari na gama. Sannan ya dube ni, karo na farko tun da na sauko daga mota.

"Masu rai za su samu, akwai da yawa," in ji shi. "Waɗannan ni na zo ƙofarsu na ce su kwance kaya su jira. Sun jira. Rabonsu ne, ɗauki ka kai musu."

Na sunkuya na ɗauki buhun. Da na kai bakin zauren na yi sallama, yadda aka koya mana tun muna yara, na tsaya da kaya a ka ina jiran a amsa.